Yadda Za Ka Ƙara Saurin Intanet a Wayarka Ta Hanyar Ajiye Abin da Ka Riga Ka Sauke

Tun da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, tambaya ɗaya ce take yawan zo mini daga masu karatu, ko da kuwa kowa da irin lafazinsa: me zan yi shafuka su riƙa buɗewa da wuri, kuma data ta daina ƙarewa tun wata bai raba ba? Mafi yawan masu tambayar suna zaton amsar tana wajen sauya layi ko sayen sabuwar waya. Wani lokaci hakan ne, amma sau da yawa matsalar ita ce wayar tana sake sayen abin da ta riga ta saya jiya da shekaranjiya.

Duk lokacin da ka buɗe shafi, wayarka takan aika saƙo ta iska zuwa turken sadarwa ko zuwa MiFi, wato ƙaramar na'urar da take raba intanet ta WiFi, daga nan saƙon ya bi layukan kamfani har ya isa kwamfutar da take riƙe da shafin, wadda tana iya kasancewa a Legas ko a Turai, sannan amsa ta dawo. Shafi ɗaya yana iya buƙatar irin wannan kai-komo sau da dama, domin tambarin shafin daban yake zuwa, hotuna daban, tsarin rubutu daban. Don rage wannan wahala ne waya take ware wani wuri tana ajiye kwafin abubuwan da ta sauke, idan an sake neman su sai ta ɗauko daga nan. A cikin saitunan waya sunan wurin Cache, ni kuwa a nan zan riƙa kiran sa ma'ajiyar wucin gadi. Matsayinta matsayin randa ne a tsakar gida: wanda randarsa take cike ba ya fita neman ɗan garuwa duk lokacin da zai yi alwala.

Kayan da ake buƙata ba su da yawa. Matakai bakwai na farko waya kawai suke buƙata, da katin memori idan wayar tana karɓa, da ɗan lokaci kamar awa guda. Mataki na takwas da na tara na masu raba intanet ne ga jama'a, kamar shago, ofis, makaranta ko babban gida, kuma su ne kaɗai suke iya cin kuɗi. Sunayen wurare a saituna sukan ɗan bambanta tsakanin Tecno, Infinix, itel, Samsung da Redmi, saboda haka idan ba ka ga suna daidai yadda na rubuta ba, ka rubuta shi a akwatin bincike da ke saman Settings.

1. Auna kafin ka taɓa komai

Ka shiga Settings, ka nemi Data usage, ka rubuta a takarda jimillar datar da ka ci a wannan watan da manhajoji biyar da suka fi ci. Sannan ka danna *323#, lambar da take nuna ragowar data a dukkan layukan Najeriya tun da aka daidaita lambobin a 2023, ka rubuta abin da ya rage da kwanan wata. Ka kuma zaɓi shafuka biyu ko uku da kake buɗewa kullum, ka ƙirga daƙiƙu nawa kowanne yake ɗauka kafin ya gama buɗewa. Da wannan takardar za ka gane daga baya ko aikin ya yi amfani.

Gargaɗi: kada ka yi ta maimaita gwajin sauri a Speedtest ko fast.com, domin gwajin kansa data yake ci, kuma ƙarfin layi yake aunawa, ba amfanin ma'ajiya ba.

2. Buɗa wa ma'ajiyar wuri

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali sauran duk a kansa suke tsaye. Tsarin Android yana ɗaukar ma'ajiyar wucin gadi a matsayin abin da za a iya zubarwa, don haka da zarar ƙwaƙwalwar waya ta kusa cika, shi da kansa yake fara share ta ba tare da ya tambaye ka ba. Wayar da kullum take nuna saƙon cewa wuri ya ƙare ba ta iya riƙe komai, yau ta ajiye gobe ta zubar, jibi ta sake saukewa da kuɗinka.

Ka shiga Storage ka ga abin da ya cinye wurin. A yawancin wayoyin da na duba, bidiyoyin zaurukan WhatsApp ne: bukukuwa, wa'azuzzuka da barkwancin da aka turo sau uku a zauruka uku. A cikin WhatsApp ka shiga Settings, sai Storage and data, sai Manage storage, za ka ga manyan fayiloli da waɗanda aka tura sau da yawa an ware su wuri guda. Ka share na sharewa, ka mayar da hotuna da bidiyon da kake so zuwa katin memori ko kwamfuta. Shawarata ita ce ka bar aƙalla kashi ɗaya cikin goma na ƙwaƙwalwar wayar babu komai a ciki, idan kuma wayar mai giga 32 ce, ka yi ƙoƙarin barin giga huɗu.

Gargaɗi: katin memori na jabu ya yi yawa a kasuwa, wanda aka rubuta masa babban adadi alhali cikinsa kaɗan ne. Kafin ka share asalin hotunanka daga waya, ka buɗe waɗanda ka kwafa a katin ka tabbatar suna buɗewa, musamman na ƙarshe-ƙarshe.

3. Daina sharar kullum

Na taɓa tsayawa a rumfar wani mai gyaran waya ina jiran a sauya mini gilashi, sai ga wani dattijo ya zo yana kukan cewa wayarsa ta yi nauyi. Yaron shagon ya karɓa, ya buɗe wata manhajar shara, ya danna babban maɓalli, tsintsiya ta zagaya a fuskar wayar, ta nuna an kwashe datti mai yawa. Ya miƙa masa yana cewa, “Baba, kullum da safe ka riƙa danna nan.” Dattijon ya yi godiya ya tafi da farin ciki. Abin ya tsaya mini a rai, domin mafi yawan abin da aka kira datti ɗin nan hotuna ne da sassan shafukan da dattijon ya biya kuɗi ya sauke, kuma daga ranar zai riƙa sake biyan kuɗinsu kowace safiya. Yaron bai yi da mugun nufi ba, abin da ya gani ana yi ne.

Saboda haka ka cire manhajojin shara da na ƙara sauri da ka sauke da kanka. Wadda ta zo tare da wayar kuma ba ta ciruwa, ka shiga saitunanta ka kashe shara ta atomatik da tunatarwarta. Idan wata manhaja guda ce ma'ajiyarta ta kumbura fiye da kima, ita kaɗai za ka bi: Settings, Apps, sunan manhajar, Storage, sannan Clear cache. Manhajojin gajerun bidiyo irin su TikTok su ne suka fi cancantar wannan, domin da wuya ka koma kan bidiyon da ka riga ka wuce. Burauza da taswira da manhajar labarai kuwa ka bar su da ajiyarsu.

Gargaɗi mai muhimmanci: kusa da Clear cache akwai wani maɓalli, Clear data ko Clear storage. Wannan na biyun yana mayar da manhaja kamar yau aka sauke ta, ya fitar da kai daga asusunka, kuma a WhatsApp yana iya tafiya da hirarrakinka idan ba ka da kwafin ajiya. Ka karanta rubutun da ke kan maɓallin sau biyu kafin ka danna.

4. Tsaya a kan burauza ɗaya, ka saita ta

Kowace burauza da ma'ajiyarta, ba sa ara wa juna. Wanda yake buɗe shafin labarai da safe a Chrome, da rana a wata burauzar, da dare kuma ta cikin Facebook, ya sauke tambari da tsarin shafin nan sau uku. Ka zaɓi guda ɗaya don shafukan da kake ziyarta kullum. Idan ka danna mahaɗi a cikin Facebook ko Instagram ya buɗe a ƙaramar burauzarsu, akwai ɗigo uku a sama da suke ba ka zaɓin buɗewa a burauzarka ta ainihi.

A Chrome ka shiga Settings, sai Privacy and security, sai Preload pages. Zaɓi uku ne a wurin. Standard preloading yana sa burauzar ta riga ka sauke shafin da take hasashen za ka buɗe, kuma shi nake ba da shawara ga yawancin mutane. Extended preloading ya fi sauri amma ya fi cin data, domin yana sauke shafukan da wataƙila ba za ka buɗe ba, don haka bai dace da mai sayen data ta kwana ɗaya ba. Wanda datarsa ƙalilan ce ƙwarai yana iya kashe shi gaba ɗaya ya haƙura da ɗan jinkiri.

Shafin da ka san za ka sake karantawa, kamar jadawalin jarrabawa, darasi ko doguwar maƙala, ka sauke shi ɗungurungum: ka danna ɗigo uku, ka danna alamar kibiya mai kallon ƙasa, zai zauna a Downloads ya riƙa buɗewa ko babu sabis. Har yanzu wasu suna tambayata ina Lite mode ya shiga, wato tsarin rage data na Chrome. An cire shi tun fitowar Chrome 100 a watan Maris na 2022, ba wayarka ce ta lalace ba. Mai son irin wannan aikin sai ya koma Opera Mini, wadda take bi da shafi ta kwamfutocin kamfaninta su matse shi kafin ya iso wayar, kuma tana da wurin ajiye shafuka don karantawa daga baya.

Gargaɗi biyu a nan. Na farko, shafin Incognito, wato shafin sirri na burauza, yana zubar da duk abin da ya ajiye da zarar ka rufe shi, saboda haka wanda ya mayar da shi wurin karatunsa na kullum ba shi da ma'ajiya sam. Na biyu, matsanancin tsarin matse data na Opera Mini yakan hargitsa shafukan cike fom da na biyan kuɗi, don haka harkar banki da rajista ka yi su a manhajar bankin ko a Chrome.

5. Sauke abin da kake komawa gare shi

Ma'ajiyar da waya take yi da kanta hasashe ne, wadda kai ka yi da niyya ita ce ta fi tabbas. Ka zauna ka lissafa abubuwan da kake buɗewa fiye da sau ɗaya a mako, sannan ka sauke su lokaci guda a inda data take da sauƙi, ko dai ta tsarin dare da kamfanoni suke sayarwa da rahusa, wanda za ka gani idan ka danna *312#, ko a WiFi na wurin aiki idan an yarda.

Taswira ce farko, musamman ga direbobi da masu kai saƙo. A Google Maps ka danna hotonka da ke sama, ka zaɓi Offline maps, sai Select your own map, ka daidaita akwatin ya rufe garinku da hanyoyin da kake bi, misali daga Kano zuwa Zariya har Kaduna. Manhajar za ta nuna maka girman fayil ɗin kafin ka amince. Bayan haka taswirar tana buɗewa nan take, kuma tana nuna hanyar mota ko sabis ya ɗauke a daji, sai dai ba za ta nuna cunkoso ba. Taswirar da aka sauke tana da wa'adi, kuma idan ya rage kwana 15 manhajar takan yi ƙoƙarin sabunta ta a kan WiFi.

Sai fassara. Tun watan Janairun 2023 Google Translate yake ba da damar sauke Hausa don aiki ba tare da intanet ba, tare da Yarabanci da Ibo. Ka sauke Hausa da Ingilishi, ka ƙara Larabci ko Faransanci gwargwadon buƙatarka. Ɗalibai kuma su nemi manhajar Kiwix, wadda kyauta ce, take ba da damar sauke Wikipedia gaba ɗaya a waya. Ta Hausa ba ta da nauyi sosai, amma cikakkiyar ta Ingilishi mai hotuna ta kai kimanin giga 100, saboda haka a zaɓi wadda ba ta da hotuna ko wadda aka ware ta fanni ɗaya, kamar likitanci ko lissafi.

Karatun Alƙur'ani da tafsiri da darussan da kake saurara a kai a kai, yawancin manhajojinsu suna da maɓallin saukewa sura-sura. Wanda yake bitar sura guda kullum ta intanet har tsawon wata ya saye ta sau talatin, alhali sau ɗaya ya isa. Haka darasin YouTube da za ka maimaita: idan akwai maɓallin Download a ƙarƙashinsa ka danna, ka zaɓi 360p, wanda ya wadatar ga fuskar waya in dai ba ƙananan rubutu ake nunawa ba. Takardun da ke Google Drive kuma kowanne yana da zaɓin Make available offline.

Gargaɗi: ba kowane bidiyo YouTube yake bari a sauke kyauta ba, kuma wanda aka sauke a cikin manhajar yake zama, yana buƙatar wayar ta riƙa hawa intanet lokaci-lokaci don ya ci gaba da buɗewa. Kada ka bari sai ka shiga mota za ka gwada, ka kashe data tun a gida ka ga ko yana buɗewa.

6. Tsara WhatsApp da Telegram

A WhatsApp, ƙarƙashin Storage and data akwai Media auto-download. Ka cire alamar bidiyo da takardu da sauti daga layin datar waya, domin kada ajiyarka ta cika da abin da ba ka nema ba har ta kori abin da kake buƙata. A Telegram ka shiga Data and Storage, sai Storage Usage, inda za ka ƙayyade tsawon lokacin da fayil zai zauna a waya da iyakar girman ma'ajiyar. Ga zaurukan karatu da kake komawa ka tsawaita lokacin, ga tashoshin labarai kwana uku ko mako ya isa.

7. Sanar da waya cewa MiFi ba kyauta ba ne

Waya tana ɗaukar kowane WiFi a matsayin intanet marar iyaka, don haka da ta hau sai ta fara sabunta manhajoji da ɗora hotuna. A gidan da MiFi ne tushen WiFi ɗin, wannan yana cinye datar kuma yana toshe layin ga kowa. A Android ka shiga saitin wannan WiFi ɗin, ka nemi Network usage ko Metered, ka zaɓi Treat as metered. A iPhone sunan abin Low Data Mode, yana cikin bayanin WiFi ɗin. Sannan a Play Store ka shiga Settings, Network preferences, Auto-update apps, ka hana sabuntawa ta atomatik, ka riƙa yi da hannunka sau ɗaya a mako a lokacin data mai rahusa.

Gargaɗi: hana sabuntawa ta atomatik ba ya nufin daina sabuntawa. Manhajar banki, burauza da WhatsApp suna samun gyaran tsaro ta wannan hanyar, kada ka bar su su tsufa.

8. Ma'ajiyar adireshi ga masu raba WiFi

Kafin waya ta buɗe kowane shafi sai ta tambayi adireshinsa na lambobi daga wani tsari da ake kira DNS, kamar mai neman lambar mutum a littafin waya. Shafi ɗaya yana iya jawo tambayoyi da yawa, kuma a layin da yake da jinkiri kowace tambaya tana ƙara ɗan tsaiko. Ga mutum ɗaya, abin da zai iya yi shi ne ya gwada Private DNS, wanda yake cikin Android tun daga Android 9: ya rubuta dns.google ko one.one.one.one, ya yi kwana biyu yana lura, idan bai ga bambanci ba ya mayar da shi Automatic. Ya kuma tuna cewa wannan saitin yakan hana shafin shiga WiFi na otal ko filin jirgi bayyana.

Inda wayoyi goma ko ashirin suke kan WiFi guda kuwa, ya fi kyau a ajiye amsoshin a cikin ginin, ta yadda idan waya ɗaya ta tambaya sauran su samu amsar nan take. Manhajar da na fi amincewa da ita a wannan aikin ita ce Pi-hole, kyauta ce, kuma bayan ajiye adireshi tana toshe adireshin tallace-tallace da yawa tun kafin a sauke su. Ina so in faɗi gaskiya a nan don kada wani ya kashe kuɗi da tsammanin da ba zai cika ba: ajiye adireshi yana rage tsaikon farkon buɗe shafi ne kawai, ba ya ƙara saurin bidiyo, kuma ragin datar da za a gani daga toshe talla yake zuwa. Tallan cikin YouTube ma ba ya toshuwa da shi.

Kayan aiki su ne ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi, katin memori mai kyau na giga 8 ko sama, caja mai ƙarfin bolt 5, da fawa bank ko sola. Ƙaramar cikinsu, Pi Zero 2 W, ta fito a 2021 a kan dala 15, amma kafin ta iso hannunka da kuɗin jigila da ribar ɗan kasuwa za ta fi haka, don haka ka tambayi farashi a wuri biyu ko uku. Ƙwaƙwalwar aikinta megabait 512 ce, kuma ta isa. Wanda yake da tsohuwar laftof a ajiye yana iya sa mata Ubuntu, wani tsarin sarrafa kwamfuta, ya yi aikin da ita bai sayi komai ba, sai dai ta fi cin wuta.

Ga jerin aikin. Da farko ka sauke Raspberry Pi Imager a kwamfuta, ka rubuta Raspberry Pi OS Lite a katin, kuma tun a nan ka shigar da sunan WiFi ɗinku da kalmar sirrinsa, ka kunna SSH don ka iya sarrafa na'urar daga laftof. Pi Zero 2 W ba ta ganin WiFi na 5GHz, saboda haka ka tabbatar na 2.4GHz a kunne yake. Na biyu, ka shiga shafin saitin rauta, wato akwatin da yake raba WiFi, ko MiFi, wanda adireshinsa yake rubuce a jikinta ko ƙarƙashin batir, galibi 192.168.8.1 ko 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ka ware wa na'urar adireshi tsayayye wanda ba zai sauya ba. Na uku, ka shiga na'urar ta SSH ka rubuta wannan umarni yadda yake: curl -sSL https://install.pi-hole.net | bash, ka bi tambayoyin, ka adana kalmar sirrin da zai ba ka a ƙarshe. Na huɗu, ka koma saitin rautar, a sashen DHCP, wato wurin da rautar take raba wa wayoyi adireshi, ka sa adireshin na'urar a gurbin DNS, sannan kowa ya kashe WiFi ya sake kunnawa. Idan ka buɗe pi.hole/admin a burauza ka ga tambayoyi suna shigowa, aiki ya kammala.

MiFi da yawa ba sa barin a sauya DNS. Idan naka haka yake, ko dai ka kashe DHCP ɗinsa ka kunna na Pi-hole, ko ka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, a saitin WiFi ka mayar da IP settings zuwa Static ka rubuta adireshin na'urar a DNS 1.

Gargaɗi uku. Wayar da aka rubuta mata suna a Private DNS tana tsallake Pi-hole gaba ɗaya, sai an mayar da ita Automatic ko Off. Ɗaukewar wuta ba zato tana lalata katin memori, kuma idan na'urar ta mutu kowa zai ga WiFi a haɗe amma babu abin da yake buɗewa, don haka ka ɗora ta a kan batir ɗaya da rautar, ka kuma rubuta tsohon saitin a takarda ka manna a bango don wanda yake shago ya iya mayarwa idan ba ka nan. Na ƙarshe, shafin Pi-hole yana nuna sunayen shafukan da kowace waya ta nema. Wannan amana ce, ka sanar da masu amfani da WiFi ɗin, kuma ka shiga saitin sirri ka rage abin da yake rubutawa.

9. Sauke sau ɗaya, raba wa kowa

Tsofaffin bayanai da yawa suna cewa a kafa Squid, manhajar da take ajiye kwafin shafuka ga duk masu amfani da layi guda. A da ta yi amfani ƙwarai, amma yau fiye da kashi 90 cikin ɗari na shafukan da ake buɗewa a Chrome a kulle suke zuwa ta HTTPS, kuma na'urar da take tsakiya ba ta ganin cikinsu balle ta ajiye. Hanyar tilasta mata ita ce a sa wa kowace waya takardar shaidar da za ta ba ka damar buɗe saƙonnin mutane, har da na banki, kuma ban yarda kowa ya yi wa abokan cinikinsa ko ɗalibansa haka ba.

Abin da yake aiki ya fi wannan sauƙi. Idan bidiyon darasi megabait 200 ne kuma ɗalibai ashirin suke buƙatarsa, saukewar kowa da kansa giga huɗu ce, alhali mutum ɗaya yana iya saukewa ya tura wa sauran ta Quick Share ko Xender ba tare da an taɓa data ba. Manhajar Kiwix ta Android tana da zaɓin da yake mayar da waya ɗaya ɗakin karatu, sauran wayoyin da ke kan WiFi guda su buɗe adireshin da ta nuna a burauzarsu su karanta. Ofishin da yake da iPhone da iPad da yawa kuma yana da kwamfutar Mac, ya kunna Content Caching a sashen Sharing, wanda yake cikin macOS tun daga High Sierra, sai Mac ɗin ya riƙa ajiye sabuntawar Apple da manhajoji yana ba sauran na'urorin.

Gargaɗi: bidiyo da takardu ne ake rabawa hannu da hannu. Manhajar banki ko ta aika kuɗi daga Play Store ko App Store kaɗai ake sauke ta, ko da amininka ne ya ce zai tura maka.

10. Lokacin da shara ta zama dole, da sake awo

Akwai ranar da ajiya take zama matsala. Alamarta ita ce shafi ya riƙa nuna tsohon bayani alhali wayar wani tana nuna sabo, kamar shafin duba sakamakon jarrabawa ko na rajistar makaranta, ko kuma shafin ya buɗe a hargitse bayan masu shi sun sauya masa tsari. Ka fara da jawo shafin ƙasa don ya sake lodawa. Idan bai gyaru ba, ka buɗe shi a Incognito, in ya fito daidai a can to ka tabbatar tsohon kwafi ne yake tare hanya. Sai ka shiga Delete browsing data a Chrome, ka sa alama a Cached images and files kaɗai, ka zaɓi gajeren lokaci kamar awa ɗaya ko kwana ɗaya kafin ka kai ga All time. Idan ka bar alama a Cookies za ka fita daga duk asusunka, ka dawo neman kalmomin sirrin da ka manta. Wayar aro ko ta shago kuwa hukuncinta daban ne, a kanta Incognito ya dace tun farko, domin kada ka bar wa na bayanka sawun abin da ka buɗe.

Bayan mako biyu ka ɗauko takardar da ka rubuta a mataki na farko. Ka sake duba Data usage, ka danna *323#, ka sake ƙirga daƙiƙun shafukan nan a daidai lokacin da ka auna su a karon farko, domin layin ƙarfe tara na dare ba ɗaya yake da na bayan asuba ba. Idan shafukan da ka saba buɗewa sun yi sauri amma sababbi suna nan da nauyinsu, ma'ajiya ta yi nata aikin, abin da ya rage na ƙarfin sabis ne, sai ka gwada matsar da MiFi kusa da taga ko wuri mai tsayi, ko ka ari layin wani kamfanin ka gwada a ɗakin kafin ka saya. Idan kuma wata manhaja guda ce har yanzu take saman jerin masu cin data, ka shiga saitinta ka rage ingancin bidiyo, ka kashe kunna bidiyo da kansa, sannan ka hana ta amfani da data a bayan fage ta maɓallin Background data.